Yadda Ɗan Kwangila Zai Kare Kansa Daga Asara Idan Ya Karɓi Aikin Gini A Ƙasar Waje

Wanda ya tashi daga tashar Kawo da sassafe, ya bi ta Zariya da Funtuwa da Katsina, ya tsallaka iyaka a Jibiya, zai iya yin sallar magariba a Maraɗi. Maraɗi ta fi Legas kusa da Kaduna, da Hausa ake ciniki a kasuwarta, kuma mai yiwuwa wanda zai ba ka aikin surukin abokinka ne. Wannan kusancin shi ne yake yaudarar 'yan kwangilarmu, domin suna karɓar ginin otal ko rukunin shaguna ko rumbun ajiya a Nijar ko Cadi ko Kamaru kamar yadda za su karɓi aiki a Barnawa ko Rigasa, alhali da zarar an wuce shingen kwastan, kuɗi ya canza, doka ta canza, kotu ta canza, har ma da ma'aunin da injiniya yake duba rodi da shi. Na yi shekaru ina aikin ƙididdigar kayan gini da kuɗinsa, kuma abin da na gani shi ne yawancin asarar da ake tafkawa a irin waɗannan ayyuka an riga an ƙulla ta tun kafin a kwaɓa buhun siminti na farko. Saboda haka a nan zan fi tsayawa kan abin da ake yi a kan tebur, ba a filin aiki ba.

Fara da sanin wanda zai biya ka

Tambayar farko ba ta shafi girman ginin ba, ta shafi inda kuɗin zai fito. Idan ɗan kasuwa ne, ka nemi lambar rajistar kamfaninsa, wadda a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ake kira RCCM, da lambar harajinsa, da takardar mallakar filin, da izinin gini daga hukumar gari, sannan ka sa lauyan ƙasar, wanda kai ka ɗauka ba wanda mai aikin ya nuna maka ba, ya je ya tabbatar da su. Ka kuma tambayi waɗanda suka yi masa aiki a baya yadda suka rabu. Neman waɗannan takardu ba rashin kunya ba ne ko da mutumin dattijo ne mai mutunci, kuma wanda ya fusata don an nemi shaidar filinsa ya riga ya ba ka amsa.

Idan aikin gwamnati ne, ka bambanta wanda za a biya daga kasafin kuɗin ƙasa da wanda Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ko Bankin Musulunci da ke Jidda yake ɗaukar nauyinsa. Na biyun ya fi tabbas, amma shi ma yana iya tsayawa: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗin ayyukansa a ƙasar na wani lokaci, kuma 'yan kwangilar da ba su aikata laifin komai ba su ne suka zauna jiran biya.

Takardar yarjejeniya

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Abu na farko shi ne harshe. Idan an rubuta yarjejeniyar da Faransanci da Turanci, dole a bayyana wanne ne zai yi rinjaye in an samu saɓani, kuma kusan kullum mai aikin zai so nasa. Idan haka ne, to wanda zai fassara maka ya zama masanin gini, ba kawai mai jin harshen ba. Hatta lambobi suna iya jefa mutum cikin rami, domin a rubutun Faransanci waƙafi yana tsayawa a inda mu muke sa ɗigo, ta yadda 1,500 yake nufin ɗaya da rabi, ba dubu ɗaya da ɗari biyar ba. Hausar ma ba ta tsira ba: a wurinmu jaka naira ɗari biyu ce, a Nijar kuwa jika sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. Duk cinikin da aka yi da baki da mai yashi ko mai tifa, a rubuta shi da lamba da sunan kuɗin kafin a watse.

Manyan ayyuka galibi ana ɗora su a kan tsarin yarjejeniyar FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya da ke Jeniba. Littattafanta na 1999, waɗanda aka sabunta a 2017, ana sanin su da launin bangonsu. Jan littafi na aikin da mai gini ya kawo zanensa ne, rawaya na wanda ɗan kwangila zai zana ya kuma gina, mai ruwan azurfa kuwa yana ɗora kusan dukkan haɗari a wuyan ɗan kwangila, har da abin da aka tarar a ƙarƙashin ƙasa. Shawarata ga kamfanin da bai taɓa aiki a wata ƙasa ba ita ce kada ya fara da mai ruwan azurfa, komai daɗin farashin.

Akwai sashe guda a tsarin FIDIC da ya fi kowanne cin kuɗin mutanenmu. Idan wani abu ya faru wanda zai sa ka nemi ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi, wajibi ne ka sanar a rubuce cikin kwana 28 daga ranar da ka sani ko ya kamata ka sani, in ba haka ba haƙƙinka ya faɗi. Al'adarmu kuwa ita ce a bi mutum gida a gaishe shi, a faɗa masa damuwa cikin ladabi, ya ce babu komai za a duba. Wannan ladabin abu ne mai kyau, kuma ban ce a bar shi ba, amma in an dawo daga gaisuwar a rubuta wasiƙa a wannan ranar, a kai ofis, a karɓo hatimin shaidar an karɓa. Haka kuma duk canjin da mai gini ya nema, ko da ƙara taga ɗaya ce, kada birkila ya taɓa shi sai an rubuta an sa farashi. Jan littafin 1999 ya ba mai gini kwana 56 ya biya bayan an miƙa takardar neman biya, ya kuma ba ɗan kwangila ikon rage aiki ko dakatar da shi bayan sanarwar kwana 21 idan ba a biya ba. Ka duba ko an goge waɗannan sassa a cikin sharuɗɗa na musamman, domin a can ake ɓoye gyare-gyare masu cutarwa.

Sai batun doka. Nijeriya da Gana sun gaji tsarin Ingila, amma Nijar da Cadi da Kamaru da Binin suna cikin OHADA, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashe 17, wadda babbar kotunta take Abijan. Akwai kuma wani nauyi da ƙasashen suka gada daga dokar Faransa wanda ba mu saba da shi ba: magini da mai zane suna ɗauke da alhakin ƙarfin ginin har shekara goma bayan miƙa shi, ko da matsalar daga ƙasar wurin ta taso. Irin wannan doka tana aiki a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma. Wanda ya saba da cewa bayan wata shida ko shekara ɗaya na gyaran kurakurai ya wanke hannunsa, ya san cewa a can ba haka ba ne, ya kuma sa kuɗin inshorar wannan alhaki cikin lissafinsa.

Game da rikici, ka nemi a rubuta cewa masu sasanci ne za su yanke hukunci, a fayyace garin da za su zauna da harshen da za a yi amfani da shi. Amfanin hakan shi ne Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya da Nijar duka suka shiga, tana sa kotun wata ƙasa ta zartar da hukuncin sasancin da aka yanke a wata. Kafin ka sa hannu, lauyanka ya tabbatar cewa ƙasar da dukiyar mai aikin take ta shiga wannan yarjejeniya.

Da wane kuɗi za a biya, da wane za a kashe

Ƙa'idar mai sauƙi ce a faɗa: kuɗin da za ka kashe da shi, da shi za a biya ka. Ka raba jadawalin kayan aikin kashi-kashi. Abin da za ka saya a can, kamar yashi da tsakuwa da ladan lebura, da sefa ne. Abin da za ka ɗauko daga kasuwar Panteka ta Kaduna ko Kano, kamar ƙofofin ƙarfe da tagogi da albashin ma'aikatanka na gida, da naira ne. Abin da za a yi odarsa daga Sin ko Turkiyya, kamar na'urar hawa bene da na'urorin sanyaya ɗaki, da dalar Amurka ne. Sai ka nemi a raba biyan a kan wannan kason.

Dalilin wannan bai yi nisa ba. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin a wannan watan, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500, buhun siminti kuma ya wuce naira 10,000 a wurare da dama. Ka ɗauka wani Alhaji na Kaduna ya ba ka ginin shaguna a Damagaram a kan tsayayyen farashi na naira a farkon 2023, alhali rabin kashe-kashenka da sefa ne: wannan rabin kaɗai ya isa ya cinye ribar ya shiga uwar kuɗi. Sefa tana da kwanciyar hankali saboda an ɗaure ta da yuro a kan 655.957 tun 1999, amma kada a ɗauka ba ta taɓa faɗuwa, domin a Janairun 1994 an karya darajarta da rabi a dare ɗaya. A kuma tuna cewa sefa iri biyu ce, ta Afirka ta Yamma da Nijar da Binin suke kashewa, da ta Afirka ta Tsakiya ta Cadi da Kamaru, kuma ko da yake darajarsu ɗaya a kan yuro, takardar wannan ba ta aiki a shagon wancan.

Duk aikin da zai wuce shekara ɗaya, kada ka yarda da tsayayyen farashi ba tare da sashen daidaita farashin siminti da rodi da man dizal ba. Ka kuma tambayi banki tun farko waɗanne takardu za a nema kafin a bar ka ka fitar da ribarka zuwa gida, domin yankunan sefa biyu suna da dokokin musayar kuɗi masu tsauri. Ɗauko kuɗi a buhu ta hannun 'yan canji yana da sauri, amma ranar da hukumar haraji ko kwastan ta tambaye ka asalinsu ba ka da abin nunawa.

Kuɗin kafin alƙalami ba ya zuwa kyauta. Mai aikin zai nemi takardar lamunin banki a kansa, da wata a kan kammala aiki, kuma sau da yawa zai ce sai daga bankin ƙasarsa, wanda shi kuma zai nemi bankinka na Nijeriya ya tsaya masa. Galibin waɗannan takardu irin waɗanda ake biya da zarar an nema ne, ba tare da jiran hujja ba. Ka tsaya kai da fata a kan abu uku: a sa ranar ƙarewa a fili, adadin lamunin kafin alƙalami ya riƙa raguwa yayin da ake cire shi daga biyanka, kuma a ɗora takardar a kan ƙa'idojin URDG 758 na Majalisar Kasuwanci ta Duniya, waɗanda suke tilasta wa mai nema ya bayyana a rubuce inda ka saɓa.

Iyaka

Iyakokinmu suna rufewa, kuma ba sa ba da sanarwa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar bayan takunkumin ECOWAS na ƙarshen Yulin 2023, aka kuma yanke wutar lantarkin da ake ba ta, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Hanyar Kwatano zuwa Gaya ta Nijar, wadda kayan Yamai suka saba bi, ta daɗe a toshe bayan haka, har kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. A Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, don haka duk wani sauƙin shige da fice ko na haraji da ka saba da shi, ka sake tambaya a kansa kafin ka sa shi a lissafi.

A rufewar 2019 ina cikin wani aiki a tsallaken iyaka, mun gama zuba dakin, wato kankaren saman bene, muna jiran kwanon rufi da tayil da aka loda a tirela biyu daga nan. Motocin sun yi makonni a bakin iyaka, muna biyan direbobi, masu rufi suna zaune muna ciyar da su, daga ƙarshe muka sayi wasu kayan a can da tsada. Abin da ya fi ciwo shi ne yarjejeniyarmu ta ambaci yaƙi da tarzoma a ƙasar da ake aikin, ba ta ce komai ba game da matakin da gwamnatinmu za ta ɗauka a nata ɓangaren, don haka mun samu ƙarin lokaci da roƙo, ba mu samu ko sisi ba. Tun daga nan nake dagewa a rubuta rufe iyaka da takunkumi da hana fitar da kaya da sunansu, daga kowane ɓangare suka zo, a kuma faɗi wanda zai ɗauki kuɗin zaman jira.

Ga kowane muhimmin kaya ka tanadi wuri biyu da za ka samo shi, ɗaya a gida ɗaya a can. Manyan injuna kuwa, katafila da gireda da injin ɗaga kaya, in akwai na haya a garin, haya ta fi ko da ta ɗan fi tsada. In dole sai ka kai naka, ka shigar da su da takardar shigowa ta wucin gadi, ka rubuta ranar ƙarewarta a inda za ka riƙa gani, domin in ta wuce, kwastan za su ɗauke su a matsayin kayan da aka shigar ba a biya haraji ba.

Lissafin abin da ke can

Akwai wani lissafi da nake ganin ya fi kowane muhimmanci, kuma awa ɗaya ta isa a yi shi a ƙarshen kowane wata. A gefe ɗaya ka rubuta duk abin da yake naka a ƙasar: aikin da ka yi ba a biya ba, kayan da ke jibge a fili, darajar injunanka, kuɗin da mai aikin ya riƙe daga biyanka har sai an gama lokacin gyara, da adadin lamunin da za a iya karɓa daga bankinka. A ɗaya gefen ka rubuta abin da ke hannunka na mai aikin, wato ragowar kafin alƙalami. Bambancin shi ne abin da za ka rasa idan gobe aka wayi gari dole ka fita da jakar hannu kawai. Tun kafin a fara aiki ka yanke adadin da kamfaninka zai iya rasawa ya ci gaba da rayuwa, kuma duk watan da lissafin ya haura wannan adadi, ka daina tura kaya, ka rage aiki bisa ƙa'idar yarjejeniya, har sai an biya. Jarabar da ke kama ɗan kwangila ita ce ya ci bashi a Kaduna ya ƙarasa aikin don a biya shi gaba ɗaya, kuma da haka ne gidaje da filaye suke salwanta.

Fita da jakar hannu ba tatsuniya ba ce. A 2011 ƙasar Sin ta kwashe mutanenta fiye da 35,000 daga Libiya, yawancinsu ma'aikatan kamfanonin gini, suka bar ayyuka da injuna a inda suke. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, 'yan Nijeriya suka fita ta iyakar Masar da ƙyar. Akwai inshorar da ke rufe irin wannan haɗari na siyasa da na ƙin biya: hukumar MIGA ta Bankin Duniya tana bayarwa, haka ATIDI da ke Nairobi, kuma bankin NEXIM na Nijeriya yana da tsarin lamuni da inshora ga masu fitar da kaya da ayyuka. Ana neman ta kafin a sa hannu, ba bayan an fara jin ƙarar bindiga ba.

Ƙasa, yanayi da ma'auni

Kada ka yi farashin harsashi da idon Kaduna. Jar ƙasarmu mai tsakuwa tana ɗaukar nauyi, amma yankin Tafkin Cadi, har da Njamena da Kusiri, yana da baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana fasa bango daga ƙasa. A haƙa a gwada ƙasar kafin farashi, a kuma tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya kai a ambaliyar Yamai ta 2020 ko ta Njamena ta 2022. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, don haka zuba kankare ya koma dare ko asuba, a kuma sa kuɗin ruwan shayar da shi a lissafi. Injiniyoyinmu da suka fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Fasaha ta Kaduna sun taso da ma'aunin Birtaniya na BS 8110, takwarorinsu na can kuwa da BAEL na Faransa, kuma ofishin da ke duba ingancin gini zai iya ƙin rodin da ka kawo idan ba shi da takardar gwaji. A amince da samfurin kowane kaya a rubuce kafin a loda tirela.

Haraji, inshora da mutane

Harajin kayan masarufi, wato VAT, a Nijeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari, a Nijar 19, a Kamaru 19.25, don haka dole yarjejeniya ta faɗi ko farashin ya haɗa da shi. Akwai kuma kuɗin rajistar kwangila da harajin da ake cirewa daga biyan kamfanin waje, waɗanda akanta na ƙasar ne kaɗai zai lissafa maka daidai. Inshorar da ka yanka a Kaduna ba za ta wadatar ba, domin dokar inshora ta CIMA da ƙasashen sefa suke bi ta wajabta a yi inshorar abin da ke cikin ƙasa da kamfanin da ke da lasisi a can, kuma ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta.

Ka tafi da ƙwararru kaɗan, ka ɗauki sauran a garin, ka yi musu rajista da asusun kula da ma'aikata, domin dokokin ƙwadago na waɗannan ƙasashe suna da tsauri wajen sallama. Kowane ma'aikacinka ya riƙe fasfonsa da katin rigakafin shawara a hannunsa, a ajiye kuɗin mota na dawowa da kowa a gefe ba a taɓawa, kuma kowa ya san hanya ta biyu idan ta farko ta toshe. Abokin hulɗa na gari yana da amfani ƙwarai, amma a rubuta aikinsa da ladansa, kuma kada a ba shi ikon sa hannu shi kaɗai a asusun banki. Idan ya ce a ba shi wani abu ya kai wa jami'i, ka ƙi. Ban da haramcin abin, tun 2010 manyan bankunan raya ƙasashe suka amince cewa kamfanin da ɗayansu ya haramta wa kwangila saboda cin hanci, sauran ma za su rufe masa ƙofa.

Miƙa aiki mataki biyu ne a can: karɓa ta wucin gadi, sai karɓa ta ƙarshe bayan lokacin gyara, wanda galibi shekara ɗaya ne, kuma kowacce tana da takardar da ɓangarorin biyu suke sa wa hannu. Kada ka bar mai gini ya zuba kaya a shaguna ko ya buɗe otal kafin a sa hannu a ta farko, domin daga ranarta ake fara ƙirga lokacin gyara da shekara goman nan. In za ka iya, ka musanya kuɗin da aka riƙe maka da takardar lamunin banki ka karɓi kuɗinka. Bayan karɓa ta ƙarshe ka karɓo ainihin takardun lamuninka ka mayar wa banki a soke su, ka samu shaidar cewa hukumar haraji ba ta bin ka komai, ka fito da injunanka ta ƙofar da suka shiga a buga musu hatimin fita, sannan ka rufe asusun.